Kula da Samfurin Babbar Manhaja a Kwamfutocin Gajimare: Abin da Ya Dace da Ƙananan Cibiyoyi a Yankin Agyaragu da Lafia

Tsakure

Takardar nan ta yi nazari a kan samfurin babbar manhaja, wato faifan da ake kwafa duk lokacin da za a tayar da sabuwar kwamfuta a gajimare, da yadda ya kamata a riƙa haɗa shi da kula da shi. Hujjarta ɗaya ce: samfuri kaya ne mai saurin lalacewa, don haka abin da ya dace ƙaramar cibiya ta riƙe hannu bibbiyu shi ne rubutaccen tsarin gina shi da jadawalin sake ginin. An ɗora nazarin a kan yanayin Agyaragu da Lafia a Jihar Nasarawa, inda wuta da sabis ba su da tabbas, ma'aikatan fasaha ba sa daɗewa a wuri ɗaya, kuma kuɗin hayar kwamfuta yana bin farashin dala.

Gabatarwa

Agyaragu gari ne da ke kudu da Lafia a kan hanyar Makurdi, kuma an fi saninsa da kasuwar doya, sai tashar jirgin ƙasa ta tsohon layin gabas. Wanda ya ga ana lodin doya a manyan motoci ranar kasuwa ba zai kawo zancen uwar garke a ransa ba. Amma tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, ciniki mai yawa ya koma ta waya da na'urar POS, kuma kowace taransifa sai ta ratsa wata kwamfuta da ke Legas ko ma wajen ƙasar. Ɗalibin garin da zai zauna jarrabawar JAMB, wadda ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, ko zai yi rajista a Jami'ar Tarayya ta Lafia da aka kafa a 2011, shi ma ta nan zai bi. Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku na WACS da MainOne da SAT-3 da ACE suka samu matsala a gaɓar Kwaddibuwa, hada-hadar bankuna ta tsaya wa mutane da yawa, aka ga yadda harkar yau da kullum ta rataya a wuyan na'urorin da jama'a ba su taɓa gani ba. Bankuna da kamfanonin waya suna da rundunar injiniyoyi. Waɗanda wannan takarda ta damu da su su ne ƙananan: makarantar sakandare mai shafin duba sakamako, asibiti mai zaman kansa, ƙungiyar adashi ko ta manoma, ofishin ƙaramar hukuma, waɗanda ke hayar kwamfuta ɗaya ko biyu su danƙa wa mutum guda.

Kwamfutar gajimare wani yanki ne na babbar na'ura da ke cikin cibiyar adana bayanai, wadda manhaja irin su KVM ko Xen ko Hyper-V ke rarrabawa tsakanin masu haya. Babu wanda ke zura mata faifai ya girka babbar manhaja mataki-mataki kamar yadda ake yi a shagon gyaran kwamfuta. Ana ɗauko faifan da aka riga aka girka komai a cikinsa ne, a kwafa, sabuwar kwamfuta ta tashi a kansa cikin minti ɗaya ko biyu. Wannan faifai shi ne samfuri, masu sana'ar kuma kan ce imej. Kamfanin Amazon yana kiran nasa AMI tun da ya buɗe hidimarsa ta hayar kwamfuta, EC2, a 2006, Azure na Microsoft yana amfani da tsarin VHD, masu OpenStack kuwa suna ajiye nasu a Glance, yawanci cikin tsarin qcow2. A tashin farko wata 'yar manhaja mai suna cloud-init, wadda ta fito daga Canonical masu Ubuntu, ita ke ba kwamfutar sunanta, ta saka mabuɗin mai ita, ta faɗaɗa faifai, ta ƙirƙira mata mabuɗan SSH nata na kanta. Saboda haka wuri biyu ne ake yin saiti: abin da aka gina cikin samfurin tun farko, da abin da ake miƙa wa kwamfuta lokacin tashi. Yawancin matsalolin da za a ambata a gaba suna tasowa ne daga saka abu a wurin da ba nasa ba.

Manomin Agyaragu zai fahimci haɗarin da sauri, domin doya ba da ƙwaya ake shuka ta ba. Daga jikin doyar bara ake yanko irin bana, kuma duk cutar da ke cikin uwar tana bin 'ya'yan zuwa kowace kunya. Shi ya sa cibiyoyin bincike irin su IITA da ke Ibadan da NRCRI da ke Umudike suka daɗe suna aiki a kan samar da iri mai tsabta. Haka samfuri yake: kwamfuta ɗari da aka tayar daga gare shi sun gaji duk abin da ke cikinsa, mai kyau da marar kyau, tun kafin kowa ya taɓa su.

Yadda samfuri ke tsufa

Ranar da aka kammala gina samfuri, ranar ya daina canzawa, alhali masu binciken tsaro da masu kutse ba su daina tono ɓarakar manhajojin da ke cikinsa ba. Misali mai kyau shi ne abin da kamfanin Qualys ya bayyana ranar 1 ga Yuli 2024 game da OpenSSH, manhajar da kusan duk mai kula da Linux ke bi ya shiga kwamfutarsa daga nesa. Ɓarakar, mai lamba CVE-2024-6387, tana iya ba wanda ba shi da kalmar sirri ko mabuɗi damar mallake kwamfuta gaba ɗaya. An taɓa toshe irinta a 2006, sai wani gyara da aka yi a 2020 ya dawo da ita ba tare da an lura ba. Ta shafi OpenSSH daga 8.5 zuwa ƙasa da 9.8, kuma Ubuntu 22.04 yana ɗauke da 8.9. Abin lura a nan shi ne, samfurin da aka gina a watan Yuni na 2024 lafiyarsa ƙalau a idon wanda ya gina shi, amma duk kwamfutar da aka tayar daga gare shi a watan Agusta ta fito ne da ƙofa a buɗe, har sai an yi mata faci. Wanda ya yi wa kwamfutocinsa masu aiki faci ya manta da samfurin, duk ranar da ya tayar da sabuwa ya dawo da ciwon da ya riga ya yi wa magani.

Akwai kuma tsufan da ke zuwa da ranar ƙarewa. Ubuntu na dogon zango yana fitowa duk shekara biyu a watan Afrilu, ana kula da shi kyauta tsawon shekara biyar, kuma wa'adin 20.04 ya cika a 2025. Labarin CentOS ya fi wannan tsanani. An yi wa masu amfani da CentOS 8 alkawarin kulawa har 2029, sai a Disamba 2020 aka sanar cewa za a rufe shi a ƙarshen 2021, abin da ya haifar da Rocky Linux da AlmaLinux. CentOS 7 kuma ya daina samun faci ranar 30 ga Yuni 2024. Kwamfutar da ke kansa ba ta mutu a wannan rana ba, ta ci gaba da amsa masu ziyara kamar kullum, kuma wannan ne ya sa matsalar ke da wuyar gani: shugaban makaranta yana buɗe shafi ya ga yana aiki, ba abin da zai nuna masa cewa tushen ya daina samun gyara.

Abin da ake mantawa a ciki

Hanyar da ta fi sauƙi wajen yin samfuri ita ce a ɗauki kwamfutar da ke aiki a kwafe faifanta, kuma ita ce ta fi haɗari. Masu bincike na Eurecom da ke Faransa, Marco Balduzzi da abokan aikinsa, sun duba samfura fiye da 5,000 da jama'a suka ɗora a EC2, suka wallafa sakamakon a 2012. Sun tarar da tsofaffin manhajoji masu manyan ɓaraka a cikin mafi yawansu. Sun tarar da mabuɗan shiga na waɗanda suka gina samfuran, wanda ke nufin mai ginin zai iya shiga kwamfutar duk wanda ya yi amfani da kayansa. Sun kuma iya dawo da fayilolin da masu su suka ɗauka sun goge, domin gogewar yau da kullum suna kawai take cirewa, bayanan suna nan kwance a faifai. Binciken ya kwana biyu, amma ɗabi'ar da ya bankaɗo tana nan. Kwamfutar da ta yi aiki tana ɗauke da tarihin umarnin da aka buga mata, da kalmar sirrin rumbun bayanai, da mabuɗan SSH, da lambar shaidarta da Linux ke ajiyewa a fayil ɗin machine-id. Idan aka kwafe ta haka, sai a samu kwamfutoci da yawa masu shaida ɗaya, wata ta iya shigar burtu da sunan wata, wani lokaci ma su riƙa karo a kan adireshi ɗaya. An tanadi Sysprep a Windows da virt-sysprep a Linux don share irin wannan, sai dai wanda ke aiki da ka, cikin gaggawa, yakan tsallake matakin. Ƙa'idar da ta fi tsaro ita ce kada wani sirri ya taɓa shiga samfuri: a gina shi daga tushe mai tsabta, a miƙa mabuɗi da kalmar sirri lokacin tashi.

Akwai saitin da ya shafe mu kai tsaye, wanda kamfanin da ke Amurka ba zai yi mana tunaninsa ba. Sunayen ɗalibai da marasa lafiya da manoman wannan yanki suna ɗauke da haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu a tsohon tsarin haruffa na latin1, haka ma alamar naira. Rumbun bayanai na MySQL ya daɗe yana zuwa da latin1 a matsayin zaɓin farko, sai a fitowa ta 8.0 a 2018 aka koma utf8mb4. PostgreSQL kuma yana ɗaukar tsarin haruffansa ne daga saitin harshen kwamfutar a lokacin da aka fara kafa rumbun. Idan aka yi kuskure a nan, rumbun zai ƙi karɓar sunan, ko ya mayar da harafin farko na Ɗanladi alamar tambaya, kuma harafin da aka riga aka ɓatar ta wannan hanya ba ya dawowa sai an sake shigar da shi da hannu. Wanda ya san wahalar da ake sha idan sunan da ke takardar makaranta ya saɓa da na katin ɗan ƙasa ko na banki ba zai ɗauki wannan ƙaramin abu ba. Haka batun lokaci. Samfuran gajimare kan zo da agogon UTC, Najeriya kuwa tana gaba da awa ɗaya. Barin kwamfuta a kan UTC ba laifi ba ne, yana ma sauƙaƙa bin diddigin abin da ya faru, muddin manhajar da ke sama ta san da haka. In ba ta sani ba, rajistar da aka ce za a rufe ƙarfe goma sha biyu na dare za ta kai ƙarfe ɗaya a buɗe, kuma biyan da aka yi da sha biyu da rabi zai shiga lissafin jiya. Irin waɗannan shawarwari sau ɗaya ake yanke su, a rubuta, kowace kwamfuta ta gada.

Rubutaccen tsari

A nan ne hujjar takardar ta fi ƙarfi, kuma ƙarfinta daga yanayin ma'aikata ya fito. A ƙananan cibiyoyi, wanda ke riƙe da kwamfuta sau da yawa ɗan bautar ƙasa ne mai wa'adin shekara ɗaya, ko ɗalibin da ya zo neman ƙwarewa na 'yan watanni, ko wani matashi da aka ba kwangila sau ɗaya. Idan ya ƙware, Abuja tana kusa, kuma can albashi yake. Yakan shiga kwamfutar ya gyara nan ya taɓa can, har ta zama babu mai irinta, babu kuma wanda ya san abin da aka yi mata sai shi. Ranar da ya tafi, ilimin ya bi shi. Magajinsa yana tsoron taɓa ta kada ta lalace a hannunsa, sai a bar ta shekara da shekaru ba faci. Martin Fowler ya yi rubutu a kan wannan ciwo tun 2012, kuma Netflix yana cikin kamfanonin da suka fara nuna maganinsa a aikace, inda suke gina sabon samfuri a duk sauyi, su tayar da sababbin kwamfutoci, su kashe tsofaffin. Kayan aikin ba su da wuyar samu. Packer, wanda HashiCorp ya fitar a 2013, yana tayar da kwamfuta ta wucin gadi daga samfurin asali, ya aiwatar da umarnin da aka rubuta masa, ya share abin da ya kamata, ya ajiye sabon samfuri, sannan ya kashe ta. Ansible, wanda Michael DeHaan ya fara a 2012, yana ba da damar rubuta saitin cikin sigar da mutum zai iya karantawa. Idan aka ajiye waɗannan rubuce-rubuce a Git, kowane sauyi yana da sunan wanda ya yi shi da rana da dalili. Sabon ma'aikaci zai karanta shafuka kaɗan ya san duk abin da ke cikin kwamfutar, kuma shugaban cibiya yana da abin da zai nema a hannu kafin ya sa hannu a takardar sallama.

Sharaɗin da wannan tsari ke tafe da shi shi ne raba bayanai da babbar manhaja. Sakamakon ɗalibai da kundin marasa lafiya da lissafin adashi su zauna a faifai dabam ko a rumbu dabam, da kwafin ajiya wanda aka taɓa gwada dawo da shi aka ga ya dawo. In ba a yi wannan rabuwa ba, ba za a iya jefar da tsohuwar kwamfuta ba, dukan tsarin kuma ya rushe.

Amsa ga masu suka

Suka ta farko da za ta zo ita ce ta wuta da sabis: ta yaya wanda ke dogaro da janareta da datar waya zai riƙa gina faifai mai gigabayit da yawa duk wata? Amsar ita ce ginin ba a Agyaragu ake yin sa ba. A cikin cibiyar adana bayanai ake yi, samfurin ba ya saukowa kan kwamfutar ma'aikaci, abin da ke ratsa layin wayarsa rubutu ne da bai kai nauyin hoto ɗaya na WhatsApp ba. Ana ma iya sa ginin ya riƙa tashi da kansa bisa jadawali. Gyaran hannu ne ke buƙatar layi mai ɗorewa, domin idan sabis ya yanke ana tsakiyar sabunta manhajoji ta SSH, aikin yana iya tsayawa rabi da rabi ya bar kwamfuta a halin da ba ta gaba ba ta baya. Idan kuwa ginin samfuri ya katse, kwamfutar wucin gadi ce ta lalace, mai aiki tana nan yadda take. Rashin tabbas na wuta da sabis hujja ce da ke goyon bayan rubutaccen tsari.

Batun kuɗi yana da nauyi, bai kamata a raina shi ba. Kafin a saki naira a watan Yuni 2023, dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairu 2024 ta haura 1,500. Duk da Amazon ya fara karɓar naira a farkon 2025, farashin yana bin dala. Sai dai kwamfutar gini minti kaɗan take yi a kashe ta, kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Abin da ke cin kuɗi shi ne tarin tsofaffin kwafi da ake biya wa ajiya duk wata, da kwamfutar da ake bari a kunne dare da rana a lokacin hutu saboda ana tsoron in an rushe ta ba za a iya dawo da ita ba. Makarantar da ta tabbata za ta iya tayar da shafinta daga samfuri cikin mintuna za ta iya ƙara girman kwamfuta a makon rajista, ta rage bayan an gama. Akwai kuma batun inda bayanai ke zaune. Ƙa'idojin hukumar NITDA na 2013 sun nemi a riƙa ajiye bayanan gwamnati a cikin gida, hukumar ta fitar da manufar amfani da gajimare a 2019, Galaxy Backbone yana da cibiyoyi a Abuja da Kano, kuma Amazon ya buɗe ƙaramin reshe a Legas a 2023. Ofishin da aka umarta ya kwaso kayansa daga Turai ko Afirka ta Kudu zuwa gida zai sha wahala matuƙa idan abin da ya mallaka kwamfuta ce guda da aka gyara da hannu. Mai rubutaccen tsari kuwa zai sauya 'yan layuka ya fitar da qcow2 maimakon AMI. Ya kamata dai a lura HashiCorp ya sauya lasisin kayansa a Agusta 2023, don haka hikima ce a ajiye ainihin saitin a Ansible ko umarnin Linux na gama-gari, yadda za a iya sauya magini ba tare da an sake rubuta komai ba.

Suka mafi ƙarfi ita ce wadda ke cewa sabuntawar kanta tana kawo bala'i, kuma masu ita suna da shaida biyu, duka daga 2024. Ranar 29 ga Maris, Andres Freund, injiniya a Microsoft, ya bayyana cewa an dasa ƙofar baya a manhajar matse fayil ta xz, fitowa ta 5.6.0 da 5.6.1, ta hannun wani da ya shafe fiye da shekara biyu yana neman yardar mai kula da ita. Ranar 19 ga Yuli kuma, wani fayil da CrowdStrike ya tura ya durƙusar da kwamfutocin Windows da Microsoft ya ƙiyasta sun kai miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi, asibitoci suka koma takarda. Wanda ya ce gara a bar abin da ke aiki yadda yake ba wauta ya faɗa ba. Amma a duba yadda abubuwan biyu suka gudana. Gurɓatacciyar xz ta shiga rassan gwaji ne na Debian da Fedora da irin su Kali, ba ta kai ga tsayayyun fitowar Debian ko Ubuntu na dogon zango ko Red Hat ba. Wanda ke gina samfurinsa a kan tsayayyen tushe bai ɗauke ta ba, kuma wanda ke da jerin manhajojin da ke cikin kowane samfuri ya iya tabbatar da haka nan take. Na CrowdStrike kuwa sauyi ne da ya sauka a kan kwamfutoci masu aiki, duka a lokaci ɗaya, ba tare da masu su sun gwada ba, wato ainihin abin da tsarin samfuri ke gudu. A tsarin da ake ba da shawara, sabon samfuri yana fara tashi a kwamfutar gwaji, a duba shafin ya buɗe, a shigar da suna mai ƙugiya a ga ya fita daidai, sannan a matsar da aiki kansa, tsohon yana ajiye don komawa. Barin kwamfuta ba faci kuma yana da nasa tarihin: Microsoft ya fitar da facin ɓarakar da harin WannaCry ya bi tun 14 ga Maris 2017, harin ya zo 12 ga Mayu, ya sami dubban kwamfutocin da ba a taɓa ba, ciki har da na asibitocin Ingila.

Wasu za su ce samfurin da Canonical ko Debian ko Amazon ke fitarwa ya isa, tunda suna sabunta shi a kai a kai. Lalle daga gare su ya kamata a fara, kuma a tabbatar da asalin mai wallafawa, domin a Fabrairu 2025 masu bincike na Datadog sun nuna yadda za a iya yaudarar umarnin da ke neman AMI da suna kawai ya ɗauko na ɗan damfara. Sai dai samfurin kamfani na kowa da kowa ne, bai san manhajar makarantarku ba, bai san ƙofofin da kuke son rufewa ba. Masu cewa kwantena irin ta Docker ta kawar da matsalar su tuna kwantena ma daga samfuri take tashi, kuma a kan wata babbar manhaja take zaune, don haka wurin kulawa ya zama biyu. Inda wannan suka ta yi gaskiya shi ne cibiyar da ba ta da ma'aikacin fasaha ko ɗaya. Ita kam bai kamata ta yi hayar kwamfuta ba tun farko, gara ta biya kamfanin da zai ba ta manhajar a shirye, shi ya ɗauki nauyin abin da ke ƙasa.

Samfurin haɗin gwiwa

Ba kowace makaranta ko ƙungiya a Agyaragu za ta iya rubuta wannan tsari da kanta ba, kuma babu dalilin da zai sa kowace ta yi. Abin da suke buƙata kusan iri ɗaya ne: Linux na dogon zango, an hana shiga da kalmar sirri sai da mabuɗi, an rufe duk ƙofar da ba a amfani da ita, an kunna facin tsaro mai shiga da kansa don cike giɓin da ke tsakanin gini da gini, an saita UTF-8 da agogo, an shirya tura kundin aiki zuwa wani wuri na dabam. Lafia tana da Jami'ar Tarayya da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Isa Mustapha Agwai, Keffi kuma tana da jami'ar jiha. Ƙaramin kwamiti daga sassan kimiyyar kwamfuta na waɗannan makarantu zai iya riƙe tsari guda a buɗe, ya ɗauki ma'aunin tsaro na CIS a matsayin mafari, ya riƙa gini duk wata da kuma duk lokacin da babbar ɓaraka ta fito. Ɗalibai za su koyi aiki a kan abin da mutanen garinsu ke amfani da shi, wanda ya fi aikin kammala karatu da ke ƙarewa a kan kanta.

Haɗarin wannan shawara a fili yake: idan samfurin haɗin gwiwa ya gurɓata, kowa ya gurɓata. Saboda haka kada sauyi ya shiga sai mutum biyu sun duba, a sa wa kowane samfuri hatimin lantarki da za a iya tantancewa, a wallafa jerin abin da ke cikinsa, kuma kowace cibiya ta ci gaba da riƙe asusunta da mabuɗanta da bayananta, kwamitin ba ya ganin ko ɗaya. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora alhakin tsaro a kan mai riƙe da bayanan, ta kuma ba shi awa 72 ya sanar da hukumar NDPC idan an yi kutsen da zai iya cutar da masu su. A cikin wannan ɗan lokaci dole cibiya ta iya faɗin wace kwamfuta ce ta tashi daga wane samfuri, wanda aka gina yaushe. Don haka sunan kowane samfuri ya ɗauki ranar gininsa da lambar sauyin da ya fito daga gare shi, a kuma rubuta masa ranar ƙarewa, wata uku a ganina, bayan ta ba a tayar da sabuwar kwamfuta daga gare shi. A ajiye biyu na baya don komawa idan sabon ya ba da matsala, sauran a soke su. A EC2 soke rajistar AMI kaɗai bai wadatar ba, sai an tabbatar an goge kwafin faifan da ke ƙarƙashinsa, in ba haka ba kuɗin ajiyarsa zai ci gaba da shigowa cikin lissafin kowane wata.